Sauyin Halitta da Darasin Addini a Makarantun Yara



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata tambaya wadda ta daɗe tana kai da komowa tsakanin masu tsara manhaja a ƙasashe da dama, watau ko ya kamata a sa bayanin sauyin halitta, wanda aka fi jinginawa ga Charles Darwin, a cikin darasin addini na yara. Mai sauraro yana iya cewa wannan ai rigimar Turawa ce. Lalle a can aka fi yin ta a fili, kuma Ingila ce za a ɗauka misali a nan, domin daga wajenta aka gaji al'adar ware wa addini lokaci a jadawalin makarantar gwamnati. Amma a ƙasar nan ma, yaro tun yana firamare ake karantar da shi yadda Allah ya halicci sammai da ƙasa da Annabi Adamu, sa'an nan in ya kai ƙarshen sakandare ya ɗauki fannin nazarin halittu, manhajar jarrabawar WAEC ta wajabta masa sanin Lamarck da Darwin. Malaman nan biyu ɗakin hutunsu ɗaya, amma da wuya a ji sun taɓa zama sun yi shawara a kan abin da kowannensu ke gaya wa yaro guda. Yaron ake bar wa aikin ɗinkewa, shi kaɗai.

Matsalar suna

Kafin a shiga gardama, ya kamata a tsaya a kan sunan abin da ake gardamar a kansa, domin a Hausa sunan kansa ya ɗauki rabin rigimar. Wasu suna cewa rikiɗar halitta. To, rikiɗa a kunnen Bahaushe aikin dare ɗaya ce, kuma aikin mutum guda: maye ya rikiɗa ya zama kura, aljani ya rikiɗa ya zama tsohuwa. Yaron da aka gaya wa halitta tana rikiɗa, abin da zai hango shi ne wani biri yana zaune a kan reshe, gari ya waye ya sauko da riga da wando. Wasu kuma suna cewa juyin halitta, wanda shi ma yana tuna wa mutum juyin mulki, abin da akan kwana babu a tashi da shi. Larabawan farko da suka fassara batun sun yi amfani da kalmar irtiƙa'i, watau hawa sama daraja bayan daraja, alhali masu ilmin ba su ce kowane sauyi ci gaba ne ba. Saboda haka a wannan lacca an zaɓi sauyin halitta, bisa sharaɗin a riƙa tuna cewa sauyin nan yana aukuwa ne a cikin zuriya, daga tsatso zuwa tsatso, a tsawon zamanin da ba a ƙirga shi da shekarun mutum.

Akwai wani abin lura kuma. Bahaushe ba shi da sunan da ya fi kiran mai rai da shi irin halitta, kuma duk inda aka ce halitta an riga an ambaci Mahalicci. Ashe ko malamin kimiyya, in da Hausa yake bayani, harshen ya riga ya sa masa tauhidi a baki kafin ya fara. Kalma ta biyu mai santsi ita ce ra'i. Masana sun ware ta domin bayanin da aka gina a kan hujjoji aka kuma jarraba, amma ta yi kusa da ra'ayi ƙwarai, har ɗalibi ya ɗauka Darwin ra'ayinsa kurum ya faɗa, kamar yadda wani zai ce ya fi son tuwon dawa a kan na masara.

Abin da ra'in ya ƙunsa

Littafin Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito a 1859, bayan ya shafe fiye da shekara 20 yana tara hujja tun dawowarsa daga tafiyar jirgin ruwa ta 1831 zuwa 1836. Babin farko na littafin a kan kiwo da noma yake, abin da ba baƙo ba ne ga kowa a wannan zaure. Manomi yakan ware zangarniyar geron da ta fi kyau ya ajiye iri. Makiyayi yakan zaɓi bijimin da zai bari a garke, har aka sami Bunaji da Rahaji da Gudali, kowace da kamanninta. Darwin ya ce abin da manomi ke yi da gangan, yanayi ma yana yin irinsa ba da niyya ba. 'Ya'yan da ake haifa sun fi abincin da ke akwai yawa, ba su kuma zama daidai da juna. Wanda siffarsa ta fi dacewa da wurin da yake, shi ya fi rayuwa ya bar baya, 'ya'yansa su gaji siffar. In aka daɗe ana wannan tankaɗe da rairaya, sai zuriya ta bambanta da kakanninta.

Ba sai an je tsibiran Galapagos ba kafin a ga haka. A 1954 aka fara wani shirin feshin maganin sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi. Kafin ƙarshen 1955 sai aka tarar ɗaya daga cikin magungunan, mai suna dieldrin, ya daina kashe sauron da ke kawo zazzaɓi. Maganin bai lalace ba. Cikin dubban sauro akwai 'yan kaɗan da aka haifa da juriya, feshi ya share sauran ya bar musu fili, suka hayayyafa. Haka ƙwayar cutar zazzaɓin ta yi wa kulorakwin, har Nijeriya ta bar shi a matsayin maganin farko a 2005.

Wannan ɓangare ba a cika musu a kansa ba. Inda ake ja shi ne da'awa ta biyu, cewa dukan masu rai tushensu guda, har da ɗan Adam, abin da Darwin ya fito da shi fili a littafinsa na 1871. A nan ma akwai gyara. Masu ilmin ba su ce mutum ya fito daga birin da ake gani a daji ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka mai nisa, wanda ya shuɗe miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma hujjojinsu su ne ƙasusuwan da ake tonowa da kamannin ƙwayoyin gado. Ɗaya daga cikin ƙasusuwan da suka fi shahara a maƙwabta aka same shi: ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, wanda aka tsinta a hamadar Jurab ta ƙasar Cadi a 2001, aka kuma kimanta shekarunsa da kusan miliyan 7, ko da yake masana suna gardama a kan ainihin matsayinsa. Sai dai yaron Islamiyya ya riga ya san biri ta wata hanya. Ya ji labarin mutanen da suka keta haddin ranar Asabar aka mayar da su birai. A wurinsa biri ƙasƙanci ne da uƙuba, don haka in aka haɗa masa biri da kakansa, zagi zai ji kafin ya ji hujja.

Yadda aka yi a Ingila

Dokar ilmi ta 1944 ta wajabta koyar da addini a makarantun gwamnati na Ingila, tare da bai wa iyaye damar cire ɗansu daga darasin in sun so. Dokar 1988 ta ƙara da cewa manhaja ta nuna rinjayen Kiristanci a ƙasar, amma ta kula da sauran manyan addinai. Kowace ƙaramar hukuma ita ke tsara tata manhajar addini, ta hannun kwamitin da ya haɗa malaman makaranta da wakilan addinai.

A 2008 aka yi wani abu mai koyarwa. Farfesa Michael Reiss, masanin halittu ne kuma limamin cocin Ingila, yana riƙe da muƙamin daraktan ilmi na babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar. Ya ba da shawara cewa in yaro ya kawo maganar halitta a ajin kimiyya, kada malami ya yi masa tsawa, ya saurare shi ya bayyana masa dalilin da ya sa kimiyya ta ce abin da ta ce. Jaridu suka ɗauka cewa ya nemi a koyar da labarin halitta a matsayin kimiyya. Cikin 'yan kwanaki ya ajiye aikin. Mutumin bai musa Darwin ba ko kaɗan, laifinsa shi ne ya ce a amsa wa yaro.

Matsayin da gwamnati ta tsaya a kai a 2014 kashi biyu ne. Sabuwar manhaja ta sa sauyin halitta da gado cikin darasin kimiyya na ajin ƙarshe na firamare, watau yara 'yan shekara 10 zuwa 11. Sa'an nan aka sharɗanta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati cewa ba za su koyar da labarin halitta a matsayin ra'in kimiyya ba, amma suna iya tattauna shi a darasin addini a matsayin abin da masu imani suka gaskata. Watau an raba gado: hujja ta tafi ɗakin gwaje-gwaje, imani ya tsaya a ajin addini.

Amurka ba ta da wannan mafita, domin makarantun gwamnatinta ba su da darasin koyar da addini, shi ya sa duk faɗan ya taru a ajin kimiyya da gaban alƙali, tun daga shari'ar malami John Scopes a jihar Tennessee a 1925, wanda aka ci shi tarar dala 100, har zuwa shari'ar garin Dover a 2005. Turkiyya kuwa a 2017 cire babin ta yi daga manhajar aji 9, bisa hujjar cewa ya fi ƙarfin yara.

Maganganun malaman addini

Abin da aka fi jahilta a wannan batu shi ne cewa masu addini ba su taɓa yin magana da murya ɗaya ba. A 1882, a kwalejin 'yan mishan ta Beirut, wani malami mai suna Edwin Lewis ya yabi Darwin a jawabin yaye ɗalibai. Shugabannin mishan suka matsa masa har ya bar aiki, ɗalibai suka yi bore domin goyon bayansa. Shekara guda kafin haka, Jamaluddin al-Afghani ya rubuta raddinsa ga masu cewa babu komai sai abin da ake taɓawa, inda ya yi wa Darwin kaca-kaca. Amma a 1888 wani malami na Tarabulus ta ƙasar Sham, Shaihu Husaini al-Jisr, ya fito da Risalatul Hamidiyya, ya bi wata hanya. A ganinsa ra'in bai kai matsayin yaƙini ba tukuna, amma in hujja yankakkiya ta tabbatar da shi, ba zai rushe imani ba matuƙar an mayar da al'amarin ga ikon Allah, domin wanda ya iya halitta farat ɗaya ya iya yin ta daki-daki.

Al-Jisr bai ƙago wannan hanya ba. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya shimfiɗa ta a gabatarwar littafinsa na raddi ga masu falsafa. Misalin da ya kawo husufi ne. Ya nuna cewa wanda ya musa bayanin masu lissafi a kan husufi, yana zaton addini yake karewa, cutar da addinin yake yi, domin mutumin da ya lissafa ranar husufi da sa'arsa ya kuma ga ya auku, in aka ce masa wannan ya saɓa wa shari'a, shari'ar zai yi wa shakka, lissafinsa kuwa yana nan. A ƙasar Hausa, inda yara kan fita da gwangwanaye suna roƙon rana ta saki wata, misalin ba ya bukatar dogon sharhi. Amma fa Ghazali ya sa sharaɗi, shi ne hujjar ta zama yankakkiya, kuma a kan wannan sharaɗin ne malamai ke saɓani game da asalin ɗan Adam.

A gefen Kirista, Paparoma Pius na 12 ya halatta a 1950 a yi bincike a kan ko jikin mutum ya samo asali daga wani mai rai da ya gabace shi, amma ya tsaya a kan cewa rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye. A 1996 Paparoma John Paul na 2 ya ce sabon ilmi ya ɗaga ra'in sama da matsayin hasashe. Akwai kuma coci-coci da yawa, a Amurka da nan Afirka, da suka riƙe kwana shida na littafin Farawa a kan zahirinsu.

Maganar Annabi Adamu ita ce ƙashin da ya tsaya a wuya, kuma ba gaskiya ba ne a yi kamar babu ita. Jumhurin malaman Musulunci sun tafi a kan cewa an halicce shi daga ƙasa, ba uwa ba uba. Wasu marubuta na baya-bayan nan, irin David Solomon Jalajel a 2009 da Shoaib Ahmed Malik a 2021, sun yi ƙoƙarin nuna cewa nassi bai hana a karɓi sauyin halitta a tsirrai da dabbobi ba, tare da ɗaukar halittar Adamu a matsayin mu'ujiza, abin da awon kimiyya ba ya iya tabbatarwa ko kore shi. Wasu malamai sun karɓa, wasu sun ƙi. Sai a yi hattara da masu son a ce kome a gida aka fara shi, waɗanda kan ce Ibn Khaldun ya riga Darwin. Abin da ke cikin Muƙaddima jerin darajojin halittu ne, daga ma'adinai zuwa tsiro zuwa dabba zuwa mutum. Babu maganar tankaɗen yanayi a ciki, kuma ɗalibin da aka ba shi wannan a matsayin makami zai ji kunya ranar da ya gamu da wanda ya karanta littattafan biyu.

Aikin wane ne?

Idan tambayar ita ce a ɗauki babin Darwin a miƙa wa malamin addini ya koyar, amsa ita ce a'a. Ba a horar da shi a kan ƙwayoyin gado da shekarun duwatsu ba, kuma abin da mutum bai sani ba, in ya koyar da shi, ko dai ya ɓata shi ko ya mayar da shi abin dariya. Daɗin daɗawa, duk abin da aka faɗa a ajin addini yaro yana karɓarsa ne a matsayin abin da ake imani da shi ko ake kafirce masa. Ra'in kimiyya kuwa ana auna shi ne, ana gyara shi, Darwin kansa ya rasu a 1882 bai san yadda gado ke aiki ba, sai da aka komo ga gwajin da wani limamin Kirista, Gregor Mendel, ya yi da wake. In aka sa shi a ajin addini ya zama wata aƙida ta kishiya, wanda shi ne ainihin kuskuren da ake gudu.

Amma shiru ma ba mafita ba ne. Yaron da ya ji bayanin malamin kimiyya ba zai kai tambayarsa ga malamin kimiyya ba, domin tambayar tasa ba ta ƙashi da dutse ba ce. Abin da ke damunsa shi ne ko abin da iyayensa suka gaya masa ƙarya ne, wannan kuwa gaban malamin addini za ta zo. In malamin ya ce kul, kada ka sake, yaro zai fahimci cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Mai wayo sai ya koyi rubuta abu a takardar jarrabawa yana ƙaryata shi a zuci, ya girma da zuciya biyu. Wani ya bar addinin a asirce. Wani kuma ya yanke cewa makarantar ce gaba ɗaya kafirci. Ba a manta ba cewa a hirarsa da BBC a 2009, Muhammad Yusuf ya lissafa ra'in Darwin, tare da cewa duniya ƙwallo ce da bayanin yadda ruwan sama ke samuwa, cikin abubuwan da ya ƙi a karatun boko. Ba ana cewa duk mai ja da Darwin yana kan wannan hanya ba ne, haba, akwai salihan malamai da likitoci masu ja da shi. Abin nufi shi ne tambayar da aka kora daga aji ba ta mutuwa, wani ne zai amsa ta a waje, inda babu mai duba abin da ya faɗa.

Saboda haka rabon malamin addini a wannan batu shi ne ɓangaren da ya shafi fanninsa. Ga ƙananan yara na farkon firamare, labarin halitta ya isa, sai dai a kiyaye ƙara masa abin da nassi bai faɗa ba. Lissafin da ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa na wani bishop ne, James Ussher, a 1650, ba aya ba ce. Alƙur'ani kuwa ya ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 da mai tsawon 50,000. Malamin da ya rantse wa yaro cewa duniya 'yar shekara dubu kaɗan ce, ya haƙa masa ramin da zai faɗa ranar da ya ji masana sun ce miliyan 4,500. Ga na sakandare, sai a ware darasi ɗaya ko biyu a gaya musu gaskiyar tarihi: ga abin da Afghani ya ce, ga na al-Jisr, ga ƙa'idar Ghazali, ga inda aka yi ittifaƙi, ga inda saɓani ya rage. Malami yana da damar faɗin matsayin mazhabarsa, ya kuma faɗi na masu kimiyya yadda su da kansu za su yarda an faɗe shi daidai. Malamin kimiyya shi ma a ja masa kunne, domin in ya ce ƙashin da aka tono ya nuna babu Mahalicci, ya fita daga gonarsa kamar yadda wancan ya fita.

Wannan aiki ne na kwalejojin horon malamai da Ma'aikatar Ilmi, kuma akwai wurin da ya fi sauƙin farawa, shi ne amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon cutar, abin da asibiti ke rubutawa AS. A 1954 Anthony Allison ya nuna dalilin yawansa a ƙasashen sauro: yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani, don haka gadon ya yaɗu, ko da yake in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan shi ne tankaɗen da Darwin ya bayyana, a cikin jinin mutanen da ke zaune a wannan zaure. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin wannan gado, kuma liman ne ke tambayar takardar kafin ya ɗaura. Darasin aure da haƙƙin 'ya'ya yana cikin manhajar malamin addini, darasin gado yana cikin ta malamin kimiyya, ajin kuwa guda ne. Ana iya sa su su shiga tare ranar da za a yi shi.